Naɗin Uban Ƙungiya

Zainul Abideen ya karkaɗe alkyabbar, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani, sannan ya yafa wa Yaya Dikko a kafaɗa. Falon ya ɗauki kabbara. Samari ne cunkushe a ɗan falon nan na unguwar Karama a Dubai bayan an sauko daga Juma'a, kowa da farantin shinkafa a cinya, kowa kuma ya san dalilin taron, ban da wanda ake yi dominsa.

"Daga yau," in ji Zainul, idonsa a kan darduma, "ƙungiyar ƙwallon jami'armu ta naɗa Yaya Dikko Uban Ƙungiya. Allah ya taya riƙo."

"Amin! Allah ya ja zamanin Uba!" Ɗantani ne ya fi kowa ɗaga murya. Shi ne golan ajiya, wanda tun da aka fara gasa bai taɓa kama ƙwallo ba sai jakar Yaya Dikko.

Alkyabbar irin ta Larabawa ce, baƙa mai bakin zaiba, jiya aka samo ta a kasuwar Naif, har yanzu ƙanshin kanti take yi. Yaya Dikko ya shafa ta, ya gyara zama, tumbinsa ya turo gaba. Sai ga ƙwalla a idonsa. Zainul ya ji kunya ta ɗan taɓa shi, amma ba ta daɗe ba.

Jami'ar tasu sabuwa ce fil, hawa biyu ce kacal a cikin wani dogon bene, ba ta da ciyawar da za ta ishi akuya karin kumallo. Bana ne aka fara haɗa wa ƙananan jami'o'i irinta gasar ƙwallo, kuma Zainul ne ya yi ta safa da marwa daga ofis zuwa ofis har aka yarda a kafa ƙungiya. A Fagge ya tashi, ya buga ƙwallo har ana nuna shi da yatsa, kafin gwiwa ta ci amanarsa. A Dubai kuwa ba shi da komai da zai nuna ya ce nasa ne. Gado na haya, karatu na lallaɓawa, hatta rana ta wasu ce. Ƙungiyar nan kaɗai ce ya gina da hannunsa, yana kuma son ta so na haƙiƙa. To ga shi kakar wasa ta zo ƙarshe ba su ci kowa ba. Madam, matar da ke kula da harkokin ɗalibai, ta kira shi ofis ta gaya masa da murmushinta mai sanyi cewa in wasan gobe ma ya tafi haka, za a rufe babin ƙwallo, a ba 'yan wasan kurket filin da ake haya.

Ciwon ƙungiyar kuwa ba ɓoyayye ba ne, ga shi nan zaune cikin alkyabba. Yaya Dikko ya doshi arba'in. Shekararsa ta huɗu ke nan yana digiri na biyu, domin karatun na riƙe biza ne, ainihin sana'arsa lodin kaya ce a unguwar Port Saeed ta nan Dubai. Shi ya sayi rigunan ƙungiya, shi ya sayi ƙwallaye, kuma tun daga layin unguwa kowa ya san doka: mai ƙwallo ba ya zama a benci. Sai ya zaɓar wa kansa lamba tara. Ba ya gudu, ba ya dawowa, yana tsaye a gidan mutane kamar an dasa shi, alƙalin gefe har hannunsa ya gaji da ɗaga tutar satar gida. In an ba shi ƙwallo ya zubar, in an hana shi ya yi fushi har washegari. Wasa ɗaya tak suka tashi kunnen doki, shi ma a makon da ya tafi Umra ne.

Amma wa zai faɗa? Yaya Dikko ne ya taro Zainul a filin jirgi, shi ya ba shi katifa a wannan falo, kuma a gabansa mahaifiyar Zainul ta ce a waya, "Ga ƙaninka nan, amana." Mutumin da ka ci tuwonsa ba ka iya duban idonsa ka ce masa ya tsufa. Shi ya sa Zainul ya kwana yana juyi har dabara ta faɗo masa.

"To, ƙanena," in ji Yaya Dikko, yana share ido da bakin alkyabba, "Uban Ƙungiya yana buga lamba tararsa dai ko?"

Wani ya ƙware da shinkafa.

"Haba, ranka ya daɗe!" Ɗantani ya yi caraf. "Ina aka taɓa ganin basarake da gajeren wando? Ai kujera za a kafa maka a bakin fili, da lema. Kai ne babban baƙo."

Yaya Dikko ya shiga auna lamba tara da kujera mai lema. Can ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da bai taɓa yi ba kafin a yafa masa alkyabba.

"Haka ne. Girma ya zo, dole a karɓe shi. Rigunan suna wurin wanki, zan taho da su gobe. Da hannuna zan miƙa wa kowane yaro tasa."

"Yaya, da na karɓo su da kaina, don kada a wahalar da kai."

"A'a. Aikin uba ne."

Zainul bai ja ba. Me ma zai sa ya ja? Duk kakar nan, kowa ya zo fili sai ya tarar da Yaya Dikko ya riga shi, ya ɗaure takalmi tamau yana tsalle-tsallen ɗumama jiki, rigunan na bayan motarsa. Iya alherinsa ga ƙwallo ke nan, ba ya latti.

A kan matakala Abdul-Fatawu ya tare shi. Ɗan Zangon Kumasi ne, da rana yana aiki a otal, da yamma yana shiga aji. Ƙafarsa ta hagu abin kallo ce, amma benci ya san shi fiye da yadda raga ta san shi.

"Koci, wannan wasan kwaikwayo duk na mene? Mutum ba ya iya ƙwallo, ka ce masa ba ya iyawa. Khalas, shi ke nan."

Zainul ya yi dariyar manya, ya dafa kafaɗarsa. "Kai ba ka san mutanenmu ba, Fatawu. Mu ba ma cire babba. Ɗaga shi muke yi sama har ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa. Ga shi yana murna, mu muna murna, gobe kai ne lamba tara. Wa aka ɓata wa?"

"To. Allah ya sa."

Zainul ya sauka yana jin kansa wani gwanin siyasa. Har ya fara tunanin yadda zai ba da labarin nan in ya koma Kano.

Ranar Asabar da la'asar bas ta sauke su a unguwar Ras Al Khor. Filin hayar yana bayan wasu manyan rumbunan kayan gyaran mota, ciyawar roba ce da aka kewaye da waya, iskar wurin duk warin baƙin mai. Ƙarfe huɗu za a take wasa. Abokan karawarsu ɗaliban haɗa magunguna ne na wata jami'a da ita ma ba ta ci kowa ba, rabinsu da tabarau, golansu kuma tsoron ƙwallo yake ji. Zainul ya kalle su suna ɗumama jiki, wani ya kai wa ƙwallo duka ya shuri iska, sai ya ji zuciyarsa ta yi fari. Yau kam ko makaho ya ga nasara.

Ya kafa kujerar roba a bakin layi, ya ɗaure mata lema. Yaransa suka fito da singileti da gajerun wanduna kala-kala suna juya ƙwallo. Fatawu ya ɗirka wata daga nesa, ta daki raga har waya ta amsa. Madam ta iso da 'yar jakarta, ta zauna a inuwa tana danna waya.

Mota ɗaya ce ba ta iso ba.

Alƙalin wasan wani siririn Bamasare ne mai agogo a kowane hannu. Ya matso ya dubi singiletin yaran sama da ƙasa.

"Koci, ina riguna? Yalla, a yi sauri."

"Suna hanya, shwayya, a ɗan jira kaɗan."

Alƙali ya nuna agogon dama. Ya ce doka a fili take, in huɗu ta wuce da kwata ƙungiya ba ta fito cikin riguna masu lamba ba, ta sha kashi ke nan, ci uku da nema. Ya faɗa ba fushi, ba tausayi, kamar mai faɗin farashin tikitin bas.

Zainul ya koma gefe ya kira lambar Yaya Dikko. Ɗantani ne ya ɗauka.

"Fadar Uban Ƙungiya, wa ke magana?"

"Ɗantani, kana hauka ne? Kuna ina?"

"Ga mu nan tafe. Taro ya cika?"

"Wane taro? Ƙwallo za a buga! Ba ni Yaya."

"Uba ba ya riƙe waya yanzu, sai dai a isar masa."

"Wallahi in ba ka ba shi ba, sai na ɓalla ka gida biyu."

Aka yi 'yar ƙus-ƙus, sannan muryar Yaya Dikko ta fito, a nutse, ta ƙara kauri cikin kwana ɗaya.

"Na'am, Zainu."

Nan fa harshen Zainul ya yi abin da ya saba. Yana kallon alƙali, yana kallon agogo, zuciyarsa na ihun a yi sauri, amma bakinsa ya ce, "Yaya, barka da yamma. An wuni lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya yaran?"

"Lafiya lau, suna gaishe ka. Ya gajiyar jiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ai kun yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka."

"Amin, Yaya. Dama... cewa na yi ko an kusa? Saboda alƙalin yana ɗan magana a kan lokaci."

"Alƙali? Ka ce masa Uban Ƙungiya na tafe. Ita shugabar taku ta zo?"

"Ta zo, Yaya."

"Madalla. 'Yan kasuwar Deira da na gayyata fa?"

"Ban gan su ba tukuna."

"To, ka gani. Bari su hallara. Kada ka damu, muna sane."

Wayar ta mutu. Zainul ya tsaya da ita a kunne, gumi na bin bayansa. Kalma uku ce ta gagare shi: Yaya, yi sauri. Ya iya tsara 'yan wasa goma sha ɗaya, ya iya shawo kan Madam da turancinsa na Fagge, ya iya ƙirƙiro sarautar da babu ita a duniya, amma wannan ta fi ƙarfinsa.

"Ba ni wayar, ni in gaya masa," in ji Fatawu.

"Kai, bari! Sai ka ɓata komai."

"Akwai abin da ya rage a ɓata?"

Huɗu ta yi. Masu tabarau suka jeru a tsakiyar fili cikin rigunansu masu ruwan ganye, tsaf da su kamar za a ɗauke su hoto. Wani daga cikin yaran Zainul ya ruga ofishin mai gadi ya aro alƙalamin rubutu a kwali, suka shiga zana wa juna lamba a bayan singileti. Fatawu ya juya baya aka rangaɗa masa tara, ta fito kamar ƙugiya. Zainul ya ja alƙali ya nuna masa, yana haɗa Larabci da Turanci da roƙo.

"Habibi, dubi, ga lamba. Duk farare ne, iri ɗaya. Don Allah."

Alƙali ya dubi singileti, wata mai hannu, wata marar hannu, wata ta sha shuɗin wanki. Ya girgiza kai. Zainul ya nufi kyaftin ɗin masu tabarau, ko zai sa baki a yi haƙuri. Yaron ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ba ya jayayya da doka. Ina zai yi jayayya? Nasarar farko a tarihin jami'arsu ce ke tahowa a ɓagas, ba tare da ya yi gumi ba.

Zainul ya sake kira. Ba a ɗauka ba. Ya sake. Ɗantani ya ɗauka ya ce, "An kusa," ya kashe.

Bai san lokacin da ya isa bakin waya ya riƙe ta da hannu biyu yana leƙen titi ba. Manyan motoci na wucewa da kwantena, wani lebura na tura baro cike da tayoyi. Ya yi addu'ar da ya iya, har da wadda ake yi in an shiga kasuwa. A bayansa ya ji usur, dogo, sau uku.

"Khalas," in ji alƙali, ya soke biro a aljihu.

Masu tabarau suka ɓarke da ihu, suka ɗaga golansu sama, mutumin da ko ƙwallo bai taɓa ba. Yaran Zainul suka zube a ciyawar roba, kowa da lambarsa ta alƙalami tana narkewa da gumi. Madam ta miƙe, ta gyara jakarta, ta zo ta tsaya a gabansa.

"Ka yi ƙoƙari, koci. Na so a ce an buga." Sannan ta ƙara da cewa, "Ka kawo mini makullin akwatin kaya ranar Lahadi, masu kurket za su buƙace shi."

Ta tafi. Zainul ya bi ta da kallo har ta shiga tasi. Baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da likita ya ce masa ya manta da ƙwallo.

Tasin Madam na barin wurin, sai ga wata farar jif ta sulalo daga bayan rumbun tayoyin da ke kallon filin, tazarar da ko jifa aka yi za ta kai. Tafiya take a hankali, fitilunta na gefe suna walƙiya. A bayanta wata ƙaramar mota ce ɗauke da 'yan kasuwar Deira su huɗu, waɗanda isowarsu ke nan.

"Koci," in ji Fatawu a hankali, "motar nan tun da muka sauka daga bas take wurin. Na ga bayanta, na ɗauka ta masu rumbun ce."

Ɗantani ya diro ya buɗe ƙofar baya, yana kirari da muryar da ya aro daga bukukuwan gida. Yaya Dikko ya sako ƙafa. Farar shadda ce a jikinsa tana ɗaukar ido, ga hula zanna, ga alkyabba a sama, turarensa ya kori warin baƙin mai. Ya tako ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga wa masu tabarau hannu, su kuwa suka tafa masa, don sun ɗauka mai filin ne. Ya isa kujerarsa ya zauna a ƙarƙashin lema, ya gyara alkyabba.

"To, bismilla. A kawo rigunan in sa musu albarka."

Alƙali kuwa ya riga ya rataya jakarsa yana tafiya. Wasu ma'aikatan kamfani da suka ga filin ya zama fanko sun fara shigowa da ƙwallonsu.

"Zainu, ina alƙalin zai je?"

"An tashi, Yaya."

"An tashi kamar yaya? Ni ban buɗe ba."

"Lokaci ya wuce. An ba su ci uku."

Yaya Dikko ya dubi Ɗantani, ya dubi baƙinsa na Deira, sannan ya yi tsaki mai tsawo.

"Kai, ƙasar nan ba su san girma ba! Ni fa tun uku da rabi nake bayan rumbun can, a cikin mota, ina kallon ku. To sai in fito in zauna ina jiran yara? Babban baƙo ya riga taro zuwa? A gida wasan ƙarshe na unguwa ma sai a kai magariba ana jiran ɗan majalisa, babu mai cewa uffan."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Ɗantani. "Rashin tarbiyya ne kawai."

'Yan Deira suka gyaɗa kai, ɗaya ya ce ai Balarabe agogo ne ubangidansa. Fatawu ya tuɓe singiletinsa, ya goge fuska da ita, ya rataya takalmansa a wuya ya nufi tashar bas ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Wasu yaran suka bi shi.

Zainul yana tsaye a gaban kujerar da ya kafa da hannunsa. Maganganu sun cika masa ciki har suna yi masa zafi. Yana so ya ce, Yaya, ba ka iya ƙwallo ba, ba ka taɓa iyawa ba, alkyabbar nan ma don mu rabu da kai muka saya. Yana so ya ce an rufe ƙungiyar, kuma shi Zainul ne ya rufe ta da wayonsa. Ya ji maganar ta taso har ta iso bayan haƙoransa.

Yaya Dikko ya ɗago ya dube shi, da tausayi na gaske a fuskarsa.

"Kada ka sa a ranka, ƙanena. Kuskure ne, kuma na yafe muku. Amma ka lura da abu ɗaya. Duk ranar da nake cikin fili, ko an ci mu, sai an buga. Ba a taɓa korar mu tun kafin a fara ba sai yau da kuka zaunar da ni." Ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Baɗi zan haɗa biyun. In riƙe sarautata, in koma lamba tarata."

Ma'aikatan kamfanin sun riga sun raba gida, wani yana yi musu alama da hannu su janye kujera daga kan layi. Zainul ya dubi filin, ya dubi Yaya Dikko. Ya ɗan rusuna.

"Allah ya kai mu, Yaya," ya ce, sannan ya kama kwance lemar.